Mai Batir Ko Otomatik: Wane Agogon Alfarma Ne Ya Dace Da Ɗaurin Kullum?

Akwai wata magana da ta zauna daram a bakin masu sha'awar agogo, daga masu sayarwa har masu saye: wai agogon kirki ba ya cin batir. Cewa ake yi ka dubi hannun sakan. In yana tafiya sumul kamar yana zamewa, agogon na manya ne. In kuwa yana tsalle ɗaya-ɗaya, to ko dai na araha ne ko jabu. Da wannan awo mutum zai zuba kuɗin da ya isa sayen fili a kan agogo, ya ɗaura, bayan wata guda ya tarar ya yi gaba da minti biyu, alhali Casio ɗin da ke hannun direbansa bai kauce da ko rabin minti ba. Sai ya fara zargin an cuce shi. Ba a cuce shi ba. Abin da ya saya ke nan, bayani ne dai ba a yi masa ba.

Bambancin yana can ciki, a inda kowannensu yake samun ƙarfi da abin da yake ƙirga lokaci da shi. Agogon otomatik babu wuta a jikinsa ko ɗis. Akwai wani dogon sifirin a naɗe cikin ɗan gwangwani, a nan ƙarfin agogon yake taruwa. A bayan injin kuma akwai faifan ƙarfe mai nauyi, mai siffar rabin wata, wanda yake juyawa duk sa'ad da hannunka ya motsa, juyawar tasa ita ke ƙara naɗe sifirin. Wani mai gyaran agogo ɗan Ingila, John Harwood, shi ya kawo wannan dabara ga agogon hannu a shekarun 1920, sannan a 1931 Rolex ya fito da faifan da ke zagayawa gaba ɗaya, tsarin da kusan kowa ke bi har yau. Sifirin yana warwarewa sannu a hankali, yana tura jerin giyoyi masu haƙora, su kuma su miƙa ƙarfin ga wani ɗan zobe mai kai-da-komowa wanda wani siririn sifirin, da bai kai kaurin gashin kai ba, yake riƙe da shi. Wannan zobe shi ne mai ƙidayar. A yawancin agogunan zamani yana bugawa sau 28,800 a awa, wato sau takwas a sakan. Tafiyar nan da ake yabo ba sumul ba ce a haƙiƙa, tsalle takwas ne ƙanana a kowane sakan, ido ne ba ya iya rarrabe su.

Mai batir, wanda za ka ga an rubuta Quartz a fuskarsa, hanyarsa daban. A cikinsa akwai ɗan mitsitsin yanki na dutsen kwaz da aka yanka da ƙafa biyu. Da wutar batir ta shige shi sai ya kama karkarwa, sau 32,768 a sakan guda. Ba haka kawai aka zaɓi wannan adadi ba: in ka yi ta raba shi biyu har sau goma sha biyar, ɗaya ne zai rage. Wannan rabon shi ne aikin 'yar ƙwaƙwalwar lantarkin da ke ciki, ita ce kuma ke aika wuta sau ɗaya a sakan ta tura hannun gaba. Tsallen ɗaya-ɗaya tsimin batir ne kawai.

Abin da ke karkarwa sau dubu talatin da biyu da abin da ke lilo sau takwas ba za su taɓa zuwa ɗaya wajen daidaito ba. Zoben otomatik yana jin komai. Gudunsa in agogon yana kwance daban, in yana jingine a gefe daban. Yana jin zafi, yana jin girgiza, yana jin ko sifirin a cike yake ko ya kusa ƙarewa. Hukumar COSC ta Suwizalan, mai ba da shaidar da ake rubuta Chronometer a fuskar agogo, tana gwada inji kwana 15, a kwanciya iri biyar da matakan zafi uku, kuma sharaɗinta shi ne kada ya yi baya da fiye da sakan 4 ko gaba da fiye da sakan 6 a rana. A rana fa, ba a wata ba. Ke nan agogon da ya ci wannan jarrabawa yana iya yin gaba da minti uku a wata, kuma lafiyarsa ƙalau. Rolex ya matse nasa awon zuwa sakan 2 gaba ko baya tun 2015, Omega kuma a ajinsa na Master Chronometer daga sifiri zuwa sakan 5 gaba. Mai batir na gama-gari kuwa, kuskurensa wajen sakan 15 ne a wata. In ka hau zuwa na alfarma, injin 9F na Grand Seiko sakan 10 ne a shekara, Longines VHP sakan 5 a shekara, shi kuwa Caliber 0100 da Citizen ya fitar a 2019 sakan ɗaya tak a shekara. In dai lokaci ake nema, babu gardama a nan.

To me ya sa wanda ya fi kuskure ya fi tsada, ya kuma fi daraja a idon mutane? Amsar tana cikin tarihin da bai wuce shekara sittin ba. Ranar 25 ga Disamban 1969 kamfanin Seiko ya fitar da Astron a Tokyo, agogon hannu mai kwaz na farko da ya shiga kasuwa. Na zinare ne, kuɗinsa yen 450,000, daidai da kuɗin ƙaramar mota a Japan ta lokacin. Wato a ranar farko mai batir shi ne agogon alfarma. Su ma manyan gidajen Suwizalan ba su raina shi ba, haɗa kai suka yi suka ƙera nasu injin, Beta 21, aka nuna shi a 1970, kuma Omega da Patek Philippe da Rolex duk sun yi agogo da shi ko da danginsa. Daga baya Rolex ya yi nasa na kansa, Oysterquartz, daga 1977 har zuwa farkon shekarun 2000. Hannunsa tsalle yake yi, kuma Rolex ne na gaske. Abin da ya faru shi ne kayan lantarki in aka ƙera su da yawa farashinsu faɗuwa yake yi, cikin shekara goma agogo mai batir ya zama abin da kowa zai iya saye. Masana'antar Suwizalan ta durƙushe. Ma'aikatanta sun ragu daga wajen 90,000 a 1970 zuwa wajen 30,000 a shekarun 1980, kamfanoni kuma daga wajen 1,600 zuwa wajen 600.

Yadda aka yanke ƙauna da injin sifirin a lokacin, labarin kamfanin agogo na Zenith ya ishi misali. A 1975 masu kamfanin, waɗanda Amurkawa ne a lokacin, suka ba da umarni a daina ƙera injinsu na otomatik mai suna El Primero a rabu da kayan aikinsa. Wani ma'aikaci mai suna Charles Vermot ya ƙi. Ya riƙa kwashe injinan bugu da zane-zanen yana ɓoyewa a wani ɗaki da ke ƙarƙashin rufin masana'antar. Shekaru bayan haka, da aka sake neman injin, sai ga kayan nan cif, kuma da wannan inji Rolex ya yi Daytona ɗinsa daga 1988 zuwa 2000.

Dawowar masu ƙera agogo na Suwizalan ba da daidaito suka yi ta ba, don sun san wannan fagen ya kuɓuce musu. Salon talla suka sake. Wani mai ba kamfanoni shawara, Nicolas Hayek, ya haɗe manyan kamfanonin da suka rage, aka fito da Swatch mai batir, na roba, mai araha a 1983, ya kawo kuɗi. A can sama kuma Jean-Claude Biver da abokinsa Jacques Piguet suka sayi sunan Blancpain, wani tsohon gidan agogo wanda ya riga ya mutu, a kan wajen faran 22,000 na Suwizalan a farkon shekarun 1980, suka riƙa tallarsa da cewa tun 1735 gidan bai taɓa yin agogo mai kwaz ba, kuma ba zai taɓa yi ba. A 1992 suka sayar da shi faran miliyan 60. Rauni ne aka mayar abin tinƙaho. Yau fiye da kashi 80 cikin ɗari na kuɗin da Suwizalan ke samu daga fitar da agogo na masu sifirin ne, duk da cewa a ƙidayar guda-guda masu batir sun fi yawa. Kunyar batir da ake ji yanzu daga wannan tallar ta samo asali.

Ba ina cewa otomatik yaudara ba ne. Abin mamaki ne ƙwarai a ce gutsattsarin ƙarfe sama da ɗari, babu wuta babu kwamfuta, su yi bugu 691,200 a rana su kuskure sakan biyu kacal. Wanda ya juya bayan agogo mai gilashi ya ga faifan yana yawo, zoben yana kai-kawo, an goge kowane gefe da hannu, in ya ce wannan yake so ya biya, kuɗinsa bai tafi a banza ba. Sai dai a sani zama otomatik kaɗai ba ya mayar da agogo na alfarma. Seiko 5, wanda aka fara tun 1963, wanda alhazai da yawa suka riƙa dawowa da shi tsaraba, otomatik ne, kuma talaka na iya sayensa. Duwatsu 21 ɗin nan da ake rubutawa a fuskarsa ma ba dukiya ba ce, yaƙutu ne na ƙira da ake sawa a gaɓoɓin inji don kada ƙarfe ya ci ƙarfe. Masu jabu kuwa sun daɗe da gano abin da mai saye ke dubawa, injin otomatik mai araha suke sawa, hannun ya yi ta zamewa.

Yanzu a zo ga ɗaurin kullum, inda zancen ya fi shafar aljihu da natsuwa. Otomatik yana son a ɗaura shi. In ka ajiye, ƙarfin da ya tara ne zai ci har ya ƙare. Tsofaffin injina irin ETA 2824 wajen awa 38 suke yi, sababbin Rolex da Tudor wajen awa 70, Powermatic na Tissot awa 80. Mai awa 38 in ka cire shi daren Juma'a, ranar Litinin a tsaye za ka same shi, sai ka gyara lokaci, ka gyara kwanan wata. Gyaran kwanan watan ma yana da ƙa'ida: a injina da yawa ba a son a murɗa shi tsakanin ƙarfe tara na dare da uku na asuba, domin a lokacin haƙoran da ke sauya kwanan sun riga sun kama juna, tilasta su na iya karya su. Ga kuma abin da ba a cika faɗa ba: mutumin da ke yini a kan kujera, daga ofis sai mota, hannunsa ba ya motsin da zai cika sifirin, sai ya riƙa naɗe shi da hannu lokaci-lokaci. Akwai akwatin da ke juya agogo a ajiye, amma shi ma wuta yake so, wutar da kowa ya san halinta a wajenmu. Saboda haka mai agogo ɗaya da ba ya rabuwa da shi, otomatik ba zai dame shi ba. Mai agogo biyar da ke sauyawa gwargwadon shadda da hula, kullum cikin saiti yake. Haka amaryar da aka zuba wa agoguna a lefe, kowanne da kayan da yake shiga da su, mai batir ne zai yi mata. Manyan gidajen sun san da haka, shi ya sa Twenty~4 na mata da Patek Philippe ya fitar a 1999 mai batir ne, haka ma yawancin ƙananan Tank na Cartier.

Maganaɗisu kuma abokin gaba ne da ba a gani. Yana cikin lasifika, da murfin waya, da makullin jaka, da gefen kwamfutar cinya. In ya kama siririn sifirin nan sai zagayensa su manne da juna, agogo ya kama gudu, minti da yawa a rana. Cire shi aikin 'yan daƙiƙu ne ga mai na'urar, amma wanda bai sani ba sai ya ɗauka agogon ya lalace. Ƙa'idar da aka saba da ita ta juriyar maganaɗisu wajen gaus 60 ce kawai (gaus shi ne ma'aunin ƙarfin maganaɗisu). Sababbin Omega masu sifirin silikon suna jure 15,000. Mai batir in ya kusanci maganaɗisu mai ƙarfi yana iya tsayawa, da ka janye shi kuma yawanci sai ya ci gaba.

Wanda ke alwala sau biyar a rana yana da lissafin da mai ƙera agogo a Jeniba bai yi ba. In kana cire agogon, sau biyar ke nan a rana yana shawagi a saman tayil ko siminti, kuma faɗuwa ɗaya ta isa ta jirkita injin otomatik, wanda ya fi mai batir jin duka nesa ba kusa ba. Sarƙa mai makullin ninkewa, wadda ake buɗewa ba tare da ta rabu biyu ba, ta fi maɗauri mai ƙugiya aminci a nan. In kuma ba ka cirewa, ruwa da sabulu ne kullum a kansa. Rubutun mita 30 da ke bayan agogo ba ya nufin ka shiga ruwa da shi, iyakarsa fantsama. Na ɗaurin kullum ya kamata ya kai mita 100, zai fi kyau in maɓallin gefensa mai ɗaurewa ne. Maɗaurin fata kuwa, tsakanin gumin watan Afrilu da ruwan alwala, ba ya jimawa yake wari ya tsage. Farin ƙarfe mara tsatsa ko titaniyam ya fi, kuma dama namijin da ke kauce wa zinare can zai nufa.

A nan ne mai batir yake da nasa rauni, kuma ba ƙarami ba ne. Abin da ke hana ruwa da ƙurar hunturu shiga agogo 'yan zobban roba ne a murfin baya da maɓalli da gilashi. Duk shekara biyu ko uku sai an buɗe bayan don sauya batir. In aka buɗe a kan tebur a bakin titi, aka mayar da tsohuwar roba busasshiya, ba a gwada matsin ruwa ba, agogon mita 100 ya koma wanda ko yayyafi ba zai jure ba. Sai ka wayi gari ka ga raɓa a cikin gilashi. Na biyu, batirin da ya mutu aka bar shi a ciki yana yoyo ya cinye injin. Agoguna da yawa suna gargaɗi tun kafin nan, hannun sakan ya koma tsallen biyu-biyu ko huɗu-huɗu. Mai aiki da hasken rana ya rage wannan matsala sosai, don ba a buɗe shi sai bayan shekaru masu yawa. Citizen ya daɗe a kai da Eco-Drive, a 2021 kuma Cartier ya sa irin wannan fasaha a Tank Must, ya ce zai kai wajen shekara 16 kafin a taɓa ma'ajiyar wutarsa. Rana kuwa ba abin da muka rasa ba ne. Zafi ma yana taɓa kwaz, domin ya fi daidai a wajen digiri 25, in aka yi sama ko ƙasa sai ya ɗan ja baya. Abin da ya raba na alfarma da na gama-gari ke nan: 9F yana auna zafin jikinsa sau 540 a rana yana gyara ƙidayarsa.

Amma babban abin da ya kamata ya yanke hukunci shi ne sabis. Injin otomatik da mai yake aiki, ɗigo-ɗigo a gaɓoɓinsa, kuma kamar injin mota, in an ƙi juye ƙarfe zai fara cin ƙarfe tun mai shi bai ji komai ba. Rolex yana ba da shawarar sabis wajen kowace shekara goma, Omega shekara biyar zuwa takwas. Sabis ɗin ba ɗan goge-goge ba ne, warware injin ake yi gaba ɗaya, a wanke, a sauya abin da ya ci, a sa mai, a mayar, a saita. Kuɗinsa a wurin wakilan kamfani ɗaruruwan daloli ne, na masu sarƙaƙiya ya haura dubu, kuma da dala ko yuro ake lissafin, ko da naira ko sefa kake samu. Manyan kamfanoni da dama sun taƙaita sayar da kayan gyara ga masu gyara masu zaman kansu, ta yadda ko mai gyaran garinku gwani ne, ba lallai ya sami ainihin abin da ya karye ba. Wanda ke zaune a Kano ko Zinder ko Tamale, sau da yawa sai dai ya jira mai tafiya Legas ko Dubai ko Turai, ya damƙa masa dukiya, ya zauna makonni ko watanni hannu wayam.

Masu kare otomatik suna da hujja biyu masu nauyi. Ta farko gado: injin ƙarfe ko bayan shekara hamsin gwani na iya ƙera masa haƙorin da ya karye, amma 'yar ƙwaƙwalwar lantarki in ta ƙone kuma kamfani ya daina yin irinta, shi ke nan. Wannan gaskiya ne, ko da yake injina irin 9F an yi su ne don a riƙa warwarewa ana gyarawa, ba don a jefar ba. Ta biyu riƙe daraja a kasuwa. Ita ma da gaskiyarta, amma 'yan samfura kaɗan ta shafa. Daga 2020 zuwa farkon 2022 farashin wasu agogunan ƙarfe na Rolex da Patek Philippe da Audemars Piguet ya yi tashin gwauron zabo a kasuwar na-hannu, daga nan ya gangaro, waɗanda suka saya a ƙololuwa suka ji a jikinsu. Sauran agoguna, masu batir da masu sifirin, da ka fita da su daga shago darajarsu ta ragu. Na mai batir ya fi raguwa, abin da ke nufin mai sayen na-hannu a nan yake tsintar dami a kala.

Ni a ganina, wanda yake son agogo ɗaya mai kyau da zai ɗauka da safe ya ɗaura ba tare da tunani ba, yake kuma nesa da wurin sabis, ya nemi mai kwaz na ƙwarai ko mai hasken rana, na ƙarfe, mai mita 100, kada kunyar tsallen hannu ta hana shi. In zamewar hannun ce ba ya iya haƙura da ita, akwai Spring Drive na Seiko, wanda ya fito a 1999: sifirin ne ke ba shi ƙarfi, babu batir, amma kwaz ne ke ƙidaya, kuskurensa wajen sakan 15 a wata, kuma shi ne hannunsa ke tafiya ba tsalle ko ɗaya. Sai dai gyaransa sai kamfanin.

Wanda kuma injin ne ya shiga ransa, ya sayi otomatik ɗinsa, amma ya tambayi abin da ke ciki. Mai sayarwa zai yi ta kurarin cewa injin ƙirar gidan ne, ba aro ba, kuma wannan yana ƙara farashi. Ga mai ɗaurin kullum a nesa da Turai, sau da yawa aron ne alheri. Injin ETA 2824 da takwaransa Sellita SW200 suna cikin agogunan kamfanoni da dama, kusan duk ƙwararren mai gyara ya san su, kayansu kuma ana samu. Kafin ka ƙirga kuɗi, ka sa dillalin ya faɗa maka nawa ne cikakken sabis na wannan samfurin, a wane gari ake yinsa, wa ke ɗaukar nauyin aikawa, kuma mako nawa yake ɗauka. Abin da ya faɗa ka ninka shi biyu ko uku, gwargwadon shekarun da kake sa ran ɗaura agogon, ka ɗora a kan farashin da ke jikin takardar.